Tsarabar Badamagare

A garinmu, in mutum zai yi tafiya mai nisa ba ya sulalewa. Yakan bi gida gida ya yi sallama, ya nemi gafara, a sa masa albarka, waɗanda suka saba da shi kuma su ce, "A yi mana tsaraba." In ya komo, ba a cewa tafiya ta ƙare sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, mutane sun zo barka da sauka, ya kwance kaya ya ba kowa rabonsa, sa'an nan ya ba da labarin abin da idonsa ya gani. A kan wannan tarbiyya na tashi a birnin Kano, kuma shekarun da na yi a Amurka, ko da yake sun zarce waɗanda na yi a gida, ba su kankare ta daga zuciyata ba.

Sai dai sa'ad da tafiyar Faransa ta taso, na zauna a gidana na Largo na yi lissafin inda zan je sallama, na tarar gida ɗaya ne.

Gidan wani Badamagare ne, mutumin Zinder, wanda ya girme ni da kaɗan, yana zaune da ɗansa a wani benen haya a Landover. Mun haɗu tun gashinmu yana baƙi, a harabar masallacin Juma'a. Ina neman takalmina ina mita da Hausa, sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Wannan ƙorafi sai Bakano." Na waiwaya na ce, "Wannan rashin ta-ido kuwa sai Badamagare." Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san cewa daga wannan rana ba sauran baƙunta a tsakaninmu. Shi direban tasi ne, ni kuwa ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti har na ajiye aiki. Da mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, shi ne ya rage mini wanda zan yi Hausa da shi ba tare da na tsaya ina fassara kaina ba. Jikokina in na yi musu magana suna ji, amma amsar da Turanci take dawowa.

Abokin nan nawa yana da wani tsohon miki game da ƙasar Faransa. Tun yana yaro a lakwal, kamar yadda mutanen Nijar suke kiran makarantar boko, malaminsu ya tilasta musu haddace sunayen kogunan Faransa da garuruwan da ke bakinsu. A bangon ajinsu akwai hoton wata farar fada da aka gina a bisa kogi, ƙafafunta cikin ruwa. Yakan ce, "Ni da ban taɓa ganin kogin da ke gudu shekara guda cur ba, na sha bulala saboda kogin Loire. Mushe, malamin namu, ya ce a bakinsa inabi ya fi gero yawa. Wallahi sai na je na gani, in ƙarya ya yi mini in bi shi bashin bulalata a lahira." In muna cikin motarsa aka tsaya a cunkoso, sai ya fara jero sunayen nan da karin yara 'yan makaranta, yana dukan sitiyari. Ni kuma in ce, "In Allah ya kai mu, kai ne tafinta, kai ne mai riƙon jaka. Matsayin Badamagare ke nan a gaban Bakano." Ya ce, "Zan dai raka ka don kada ka buɗe shago a ƙofar fadar mutane."

Shekara da shekaru maganar ba ta wuce baki ba. 'Yata da ke aure a Manassas ce ta gaji da jin ta, ta shirya mana tafiyar mu biyu, cikin ayarin masu yawon buɗe ido da ake ɗauka a babbar mota a zaga da su tsofaffin garuruwa da fadodi da gonakin inabi na ƙauyukan Faransa. Aka sa lokaci a kaka, lokacin girbin inabi. Kafin kaka ta zo, ƙodar abokina ta gaza. Likitoci suka ɗaura shi a kan injin wankin ƙoda, wanda ba shi da ikon yin nisa da shi.

Na yi niyyar fasawa. Da na je Landover na gaya masa haka, ya tashi zaune daga kan doguwar kujerar da yake kwance, ya ce, "Ka ji tsoro ke nan. Ba tafinta, Bakano ya rasa bakin ciniki."

Na ce, "Alhaji, ba wasa nake yi ba. Tafiyar taka ce, ni ɗan rakiya ne."

Ya ce, "To, ɗan rakiya, na aike ka. Ka je ka gano mini. Amma ka ji sharaɗina. Kada ka kawo mini abin kanti, irin ƙaramar hasumiyar ƙarfen nan ko turare, duk akwai su a nan. Abin da ƙasar ta haifa nake so. Ka kawo mini inabi daga bakin kogin nan, in sa a bakina in ji abin da aka dake ni a kansa."

Na ce, "In Allah ya yarda, na ɗauki alkawari."

Muka nemi gafarar juna kamar yadda ake yi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, na ji yadda nasa ya yi sanyi, ya kuma yi shafal.

A motar da ta ɗauke mu daga Paris kujeru bibbiyu ne, mutanen cikinta kuma bibbiyu suka zo, miji da mata, yawancinsu Amurkawa sa'o'ina. Kujerar da ke kusa da ni ta abokina ce, ba wanda ya zauna a kai har muka gama. Ranar farko matar da ke yi mana jagora ta tsaya a kanta tana dube-dube, na gaya mata mai kujerar ba shi da lafiya. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta wuce. Daga nan sai na riƙa ajiye hulata a wurin in zafi ya dame ni. Ba zan zalunci abokan tafiyata ba, mutane ne masu ladabi. Kowace safiya sukan yi mini murmushi su tambayi kwanana, amma tun ban gama amsawa ba sun kai ga kujerunsu. Gaisuwa a wurinsu ƙofa ce da ake taɓawa a wuce, ba a shiga.

Garuruwan da muka bi tsofaffi ne ƙwarai. A Amboise da Chinon na ga lunguna matsattsu da aka daɓe da duwatsu, da gidaje masu azara a bango waɗanda tsufa ya sa suka karkata suna jingina da juna. Na tuna lungunan cikin birni inda na yi ƙuruciya, inda in mai jaki ya shigo sai mai tafiya ya manne da bango. Bambancin ɗaya ne. A namu lungun ba ka yin taku kaɗan ba ka tarar da dattijo a dakali ba, ko mai saƙar hula, ko wata tsohuwa da za ta tambaye ka ɗan gidan wane ne kai. A nan kuwa da rana ta take sai a rufe tagogin katako, titi ya zama namu mu kaɗai, baƙi suna kallon bango, bango yana kallon baƙi.

Fadodin kuwa, ban taɓa ganin gini irinsu ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Farin dutse ne aka sassaƙa kamar ana sassaƙa ƙwarya, da hasumiyoyi masu tsinin kai, da matakala mai murɗewa wadda sawun mutanen da suka shuɗe ya cinye tsakiyarta. A ƙofar ta farko da muka shiga bakina ya riga ni, na yi sallama da ƙarfi kamar yadda na saba a ƙofar kowane gida. Muryata ta bi soron ta dawo mini. Wani Ba'amurke da ke gabana ya waiwayo yana tsammani tambaya na yi. Muka bi ɗaki bayan ɗaki. Ga gadaje masu rumfa an gitta musu igiya don kada a taɓa, ga teburin cin abinci mai tsawon gaske an jera kwanuka ba mai ci, ga murhun da zai gasa bijimi guda ya yi sanyi tun zamanin kakannin kakanni. Jagorarmu tana ba da tarihin sarakuna da matansu ta wata na'ura da aka saƙala mana a kunne, kowa yana jin muryarta shi kaɗai a cikin kansa. Ni dai ina ta tunanin wanda yake share ɗakunan nan, ko yakan yi magana da kansa in yana aiki, domin ni nakan yi a Largo in ina share ɗakunan da yara suka bari.

Ranar da muka isa fadar da ke bisa kogi, tun daga nesa na gane ta, saboda yawan kwatancen da na sha ji. Fara ce, ƙafafunta cikin ruwa, inuwarta kwance a ƙarƙashinta. Ban san sa'ad da na juya dama na ce, "Alhaji, ga ta nan!" ba. Wadda ke dama da ni wata Baturiya ce tana ɗaukar hoto. Ta yi mini murmushi, ta matsa kaɗan don ta ba ni wuri.

Na ɗauki hoton ni ma na aika wa ɗan abokina ta waya don ya nuna masa. Da yamma saƙon murya ya iso. Muryar ta dushe, ta ranar wankin ƙoda ce, amma bakin yana nan. Ya ce, "Hoto na gan shi tun ba ka san hanyar kasuwar Kurmi ba. Ina inabina?" Na saurara, na sake saurara, ina zaune a bakin gado a masauki. Ita ce kaɗai Hausar da na ji a duk tsawon tafiyar.

Lokacin cin abinci ya fi kowane lokaci yi mini nauyi. Akan haɗa mu a dogon tebur, a bi kowa da giyar inabi ta garin da muke. Nakan kifa kofina, in ci burodi da kifi da cuku, in sha ruwa. In kofuna suka zaga sau biyu sai hira ta yi zafi, a yi ta dariya, ni kuwa ina tsakiyarsu kamar wanda ke kallon biki ta taga. Ba wanda ya matsa mini, ba kuma wanda ya raina ni. In na gama sai in nemi izini in tashi, in je in yi salla a ɗakina, ina neman gabas da waya.

Ana gab da komawa aka kai mu wata gonar inabi a kan tudu, kusa da Chinon. A nan ne na tabbata malamin abokina bai yi ƙarya ba. Kunya-kunya ne na inabi a jere, an ɗaure su a waya, tsayinsu bai wuce ƙugu ba, sun gangara tudu sun hau wani har inda ido ya gaza. Ana cikin girbi. Ma'aikata sun sunkuya da almakashi suna yanka suna zubawa a kwanduna. Jagora ta ce za a shiga wani kogo da aka haƙa a cikin dutse, inda ake ajiye gangunan giya, a ɗanɗana. Na ce mata ni zan jira a waje. Kafin ta shiga na tambaye ta inda zan sami inabin kansa. Ta ce wannan ba na ci ba ne, na matsa ne, ba a kai shi kasuwa.

Na zauna a kan wani dakalin dutse a gindin bango. Ayarin ya shige kogo, muryoyinsu suka nutse. Can sai ga wani tsoho ya fito daga cikin kunyoyin, gajere, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun rine baƙi da ruwan inabi. Daga yadda ma'aikata suke duban sa na gane shi ne mai gonar. Na miƙe na gaishe shi da 'yar gaisuwar Faransanci da abokina ya cusa mini. Ya amsa, ya ƙara da wata doguwar magana wadda ban kama ko kalma ɗaya ba. Muka tsaya muna duban juna, tsoho da tsoho. Ya nuna kogon, ya ɗaga hannu kamar mai kurɓa. Na girgiza kai, na dafa ƙirji. Ya ɗaga kafaɗa, ya zauna a ɗaya gefen dakalin yana goge almakashinsa. Zaman nan na shiru da muka yi ya fi mini duk hirar teburin da na zauna a ƙasar.

Da jagora ta leƙo don ta ga ko ina lafiya, na roƙe ta ta yi mini tafinta. Na ce ta gaya masa ina da aboki, mutumin Nijar, wanda aka koya wa sunan koginsu tun yana yaro, wanda ya kamata a ce yana nan zaune tare da mu, cuta ta hana shi, ya kuma aiko ni in kai masa inabin ƙasar nan. Tsohon ya saurara har ta gama. Sai ya tashi ya shiga gona. Ina kallonsa yana wuce nonon inabi bayan nonon inabi, yana ɗaga ganye yana dubawa yana saki, har ya yi nisa can saman tudu. Da ya komo yana riƙe da nono guda a tafin hannu. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, a cure da juna, da wata farar hoda a jikinsu kamar an barbaɗa toka. Ya ɗora mini a hannu biyu, ya nuna bakinsa, wato in ci.

Na ce wa jagora ta yi masa godiya, ta kuma gaya masa ba nawa ba ne. A wurinmu ba a kai wa mutum tsaraba da gurbin hannun ɗan aike a jikinta. Ban da haka ma, na riga na ƙudura a raina cewa tun da ba mu ga ƙasar tare ba, to, za mu ɗanɗana ta tare, ya tsinki ƙwaya in tsinki ƙwaya a falonsa na Landover. Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, sai aka kira shi daga wajen motar kwasar kwanduna, ya ɗaga mini hannu ya tafi. Inabi yana kewaye da ni ta ko'ina, amma ban miƙa hannu ga gonar mutum ba da izininsa ba.

Na fito da sabon farin hankici na naɗe shi. Jagora ta dube ni ta ce tana shakka ko za a bar ni in shiga da shi Amurka. Na gode mata, amma a zuciyata na ce yarinyar nan ba ta san kan zancen ba. Duk Bahaushen da ke Amurka ya san abin da ake ƙwacewa a filin jirgi: kilishi, da daddawa, da dambun nama, kayanmu na gida da hancinsu bai saba da su ba. Na sha ganin an raba mutanenmu da ƙullin da uwa ta kwana tana haɗawa. A ganina dokar tamu ce, an yi ta ne domin abincin da ya fito daga wajenmu. Inabin Turawa daga ƙasar Turawa zuwa wata ƙasar Turawa, wa zai tare shi?

Na juye biskit daga wani gwangwani na sa ƙullin a ciki. A masauki na ajiye shi a ƙaramin firji, ina buɗewa ina dubawa kamar mai jinya. A mota ya zauna a kujerar mai shi. A jirgi na ɗora shi a cinya, ma'aikaciyar jirgin ta ce in kawo ta sa a sama, na ce a'a. Sai da za mu sauka na sa shi a jakar hannu.

Muna jiran kaya a filin jirgi sai ga wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, wani jami'i yana riƙe da igiyarsa. Ya bi jakunkunan mutane yana shinshinawa, ya zo wajen tawa ya zauna. Na janye rigata. Jami'in saurayi ne, bai kai ɗana na fari ba. Ya tambaye ni cikin ladabi ko ina ɗauke da abinci. Na ce inabi ne, daga Faransa, na ma nanata Faransa ɗin. Ya kai ni gefe wajen wani tebur, ya sa safar hannu, ya buɗe gwangwanin, ya warware hankicin. Ya ce ɗanyen 'ya'yan itace ba ya shiga, ko daga ina ya fito, saboda ƙwari da cututtukan da kan ɓuya a jikinsa su halaka gonaki. Na gaya masa na marar lafiya ne. Na ce ko ƙwaya ɗaya a bar mini. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na ga alamar da gaske yake, amma ba shi da iko. Ya ɗaga nonon inabin ta karansa, ya sa a wata babbar tukunyar shara mai murfi. Ya miƙo mini gwangwanin da hankicin. 'Ya'yan da ke ƙasa sun fashe a hanya, tsakiyar hankicin ta rine ja mai duhu.

'Yata ce ta ɗauko ni. Ta rungume ni, ta tambayi tafiya rabi da Hausa rabi da Turanci, na ce lafiya lau. Ta sauke ni a Largo ta juya, domin hanyar Manassas da nisa, gobe kuma aiki. Washegari na share falo, na fito da dabino da kofunan shayi, bisa al'ada. Na san ba mai zuwa. Ƙararrawar ƙofa ba ta yi motsi ba sai da mai kawo wasiƙu ya wuce.

Landover ba ta da nisa da Largo, amma ƙafata ta ƙi ɗaukata. Da wace fuska zan shiga da hannu wofi, bayan na ce na ɗauki alkawari? Na je babban kantin unguwarmu na tsaya a gaban inabinsu, manya-manya, masu sheƙi, marasa ƙwallo, na daɗe ina kallo. Abin kanti ne, shi ne kuwa abin da ya hana ni kawowa. Na fita ban taɓa ba. Ya kira ni a waya ya ce, "Bakano, ka sauka ko Faransawa sun riƙe ka jingina?" Na ce gajiyar hanya ce, ina nan tafe.

Ɗansa ne ya yanke mini jinkirin. Ya kira ya gaishe ni, ya ce, "Baba, in da hali ka zo cikin makon nan. Aikina ya hana ni kula da shi yadda ya kamata, za mu mai da shi wajen yayata a North Carolina, an sama masa wurin wankin ƙoda a can."

Na tarar da falon cike da kwalaye. Yana kwance a kujerar nan tasa, ya ƙara ramewa. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya yi mini barka da sauka, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Faransa kamar danginsa ne. Idonsa kuwa yana kan gwangwanin da ke hannuna.

Ya ce, "To, ɗan aike, kwance kaya."

Na buɗe gwangwanin na nuna masa cikinsa. Na ba shi labari tun daga dakalin dutse har zuwa kare mai dogayen kunnuwa, ban rage kome ba. Ya mai da kallonsa ga silin.

Can ya ce, "Kare. Duk Kanawan duniya ba wanda ya taɓa raba su da kaya, sai kai, kare ya yi maka fashi." Ya yi 'yar dariya. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Ba kome, Allah bai rubuta ba. Gaya mini, yaya ɗanɗanonsa yake? Da zaƙi ko da tsami?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Ban ci ba, Alhaji. Naka ne. Na ce sai mun zauna tare."

Ya yunƙura ya tashi zaune. "Ko ƙwaya ɗaya? Ka tsaya a tsakiyar gonar, mai gona ya ce ka ci, ka ƙi?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai dariya ta kece masa, irin wadda na daɗe ban ji ba, har ta koma tari, ɗansa ya leƙo daga ɗaki ya ba shi ruwa. Da ya sami numfashi idanunsa sun jiƙe, ban kuwa tambaye shi ko na dariya ne ba. Ya ce, "Na aiki mutum da baki, ya je ya dawo da shi a rufe. Mu biyu ke nan, tsofaffin banza, ba wanda ya sani."

Ya miƙo hannu ya zaro hankicin daga gwangwanin. Ya warware shi a cinyarsa, ya shafa wurin da ya rine, wanda ya bushe ya yi tauri. Ya kai hanci ya shaƙa. Daga nan ya yi bisimilla, ya sa tsakiyar jan a kan harshensa, ya rufe ido. Na ji ƙarar firji daga kicin, da wata mota tana wucewa a ƙasa.

Ya ce, "Da tsami a farko. Zaƙin yana can baya, sai ka jira shi."

Na ce, "Miƙo in ji."

Ya ninke hankicin a hankali, ya sa a aljihun rigarsa na ƙirji, ya dafe. Ya ce, "Tsarabata ce. Na riga ka, Bakano. Yanzu zauna sosai ka ba ni labarin kogin, daga farko, kada ka tsallake gari ko ɗaya, ina sane da jerinsu."

Na gyara zama a kan wani kwali na fara. In na ambaci gari sai ya karɓe da na gaba da shi, da karin nan na 'yan makaranta, yana dukan hannun kujera a hankali. Muna haka har la'asar ta yi, ya yi sallarsa a zaune ni a tsaye, na ci gaba daga inda na tsaya. Ban kai ga ƙarshe ba barci ya ɗauke shi, hannunsa yana kan aljihun.

A ƙarshen makon suka tafi. Muna gaisawa ta waya, amma ba ya jure doguwar magana yanzu, kuma sau da yawa 'yarsa ce take ɗauka ta ce yana hutawa. Gwangwanin yana nan a kicin ɗina, na wanke shi ina zuba ganyen shayi. 'Yata ta ce in ina so za ta sake shirya mini tafiyar wata kakar, in je in ci inabin har in ƙoshi. Na sa mata albarka, na ce ta bari tukuna.